Ranar da Na Wanke Kuɗin Tata

Kafin ku fara tausaya min kamar yadda kuka saba, ku ajiye tausayin tukuna. Tun da na soma ba ku labarina kuke cewa Raliya baiwar Allah ce, Baba Shu'aibu ne mai taurin kai. To abin da ya faru ranar Asabar ni na jawo shi da hannuna, da ruwan sabulu da dutsen guga. Kwana uku ke nan ina rubutawa ina sharewa a wayar da na ara a maƙwabta.

Ga waɗanda yau suka shigo, a Tanut nake, gidan Baba Shu'aibu ƙanin mahaifina. Nan muka dawo ni da Inna tun rasuwar Babanmu, shekara shida ke nan. Wanda nake so sunansa Abdulmajid, mutumin Damagaram, malamin tarihi a wata kwaleji. A bikin wata ƙawata a Gangara muka haɗu. Da a koyarwa ya tsaya da tuni an sa rana. Amma yana da wata sana'a a gefe: yana sayen tsofaffin takardun kuɗi waɗanda banki ta daina karɓa, ya sayar wa masu sha'awar tara su a Yamai da ƙasashen waje.

Ranar da Baba ya ji haka sai da ya ajiye kofin shayinsa.

"Mutum da hankalinsa ya ba da kuɗi mai rai ya karɓi matacce? Naira da take numfashi ma kullum ƙasa take yi, 'yan canji sai yamutsa fuska suke in an miƙa musu. Ko boka yake kai wa, ko ɗan damfara ne. Babu na uku."

Baba dillalin dabbobi ne, shekara talatin yana tsakanin mai raƙumi da mai saye, daga kasuwar Tanut har Belbeji. A wurinsa mutum bakinsa ne. In ka faɗi farashi aka sallama, ko dabbar ta faɗi a gabanka ba ka janyewa. Da wannan ma'aunin yake auna kowa, har limamin unguwa.

Sai ga maganar kuɗin Tata. Tata kakata ce, mahaifiyar su Baba. Tana da wata tsohuwar gafaka ta fata a ƙarƙashin gadonta, wadda tun muna yara aka hana mu taɓawa. A ciki, tsakanin wasu allunan katako biyu, akwai takardun sefa na jika biyar-biyar, wato dubu biyar-biyar, guda goma sha biyu. Kakanmu Sidi ne ya sayar da raƙuma kafin babban fari, aka biya shi da sababbi fil, ya adana su bai ko ninke ba. Lokacin da aka canza kuɗi suna can arewa wajen kiwo. Kafin labari ya same su an rufe karɓa. Sidi ya rasu, Tata ta riƙe su don hannunsa ne ya jera su. Yanzu yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, tana son a yi mata aiki a Damagaram, shi ya sa ta yarda na ɗauki hotonsu na tura wa Abdulmajid.

Ko minti biyu ba a yi ba ya kira.

"Raliya, kin san abin da ke gidanku kuwa? Duba kusa da lambar, akwai harafin H?"

"Akwai."

"Alamar Nijar ke nan. Irin waɗannan, na wancan zamani, waɗanda ba su zaga hannu ba, da wuya ake samu. Kowace ɗaya jika ɗari zan biya, kuma ni ma zan samu nawa."

Na kai wa Baba wayar suka yi magana. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Na ji, Malam. Jika ɗari-ɗari ka ce, da bakinka. Ka zo Asabar. In maganarka ta tsaya, ka turo manyanka. In ta motsa da dala ɗaya, kada in sake ganin takalminka a ƙofar gidana."

Kun ga inda aurena ya rataya ke nan.

Ranar Juma'a da safe ina shara saƙon murya ya shigo daga Abdulmajid. Na jingina tsintsiya na kara wayar a kunne. Ga abin da ya ce, don na haddace shi:

"Raliya, don Allah kada ku wahalar da kanku. Kada a wanke su, kada a sa musu guga, kada a yi musu komai. Yadda suke ɗin nan haka nake son su."

Sau uku na saurara. Ba zan ce ban ji ba. Na ji, na yi murmushi, na ce a raina wannan bawan Allah akwai kara. Ku gaya min gaskiya, wane baƙo ne ba ya cewa kada a wahala? Shi ɗin nan duk zuwan da zai yi sai ya ce kada in yi girki, kuma in na kawo dambun zogale sai ya suɗe kwanon. A garinmu in baƙo ya ce kada a yi, to lokacin ne ake tashi a yi. Wadda ta ɗauki maganar baƙo a yadda ya faɗe ta, ita ake yi da ita a bakin rijiya.

Amma akwai wani abu kuma, kuma shi ne na fi jin kunyar faɗa. Da na buɗe gafakar, wari ya taso: hayaƙi, man shanu, tsohuwar fata. Gefen takardun ya yi ja-ja. Nan take na tuna shekaruna na lise, wato babbar sakandare, a Damagaram, lokacin da 'yan matan birni suke toshe hanci in na buɗe akwatina, suna ce min 'yar daji mai warin nono. Shekara uku na yi ina wanke wannan sunan daga jikina. Yanzu kuma ɗan birni zai zo ya zauna a gidanmu in miƙa masa shi a hannu? Raina ya ƙi.

Bayan sallar Juma'a Tata ta tafi gaisuwar rasuwa a maƙwabta. Na ɗebo ruwan ɗumi a roba, na kaɗa sabulu, na ɗiga jabel, ruwan nan mai faranta tufafi, kaɗan don jan ya fita. Ɗaya bayan ɗaya na tsoma su, ina shafawa da auduga a hankali kamar mai yi wa jariri wanka. Na shanya su a kan farin zane a cikin ɗaki. Inna ta leƙo ta gani.

"Madalla da 'yata. Ai ba a kai wa baƙo ƙazanta. Bari in hura miki gawayi."

Ita ba ta ji saƙon ba, ban kuma gaya mata ba. Ta cika dutsen guga da garwashi, na shimfiɗa ɗankwali a kansu na bi su ciki da baya. Suka miƙe sumul, suka yi haske. Na turara su da turaren wuta, na sa su a sabuwar ambulan. Wallahi har hoto na so in tura masa, sai na ce a'a, bari ya gani da idonsa.

Da Tata ta dawo na kai mata da rawar jiki. Ta shafa, ta kai hanci.

"Ke 'yar nema, kin kore min Sidi daga ciki."

"Kai Tata, tsohon da ya tafi tun ba a haife ni ba? Kwalliya na yi musu."

"Ya yi kyau," ta ce, ta miƙo min. Na ji wani abu ya soke ni, amma na danne.

Asabar tun asuba muke tsaye. Shinkafa da miyar zabi, fura da nono, cuku na shan shayi. Na sa atamfata shuɗiya mai zanen ganye, wadda aka ɗinka min da ƙaramar salla, da farin gyale, lallen hannuna bai ko fara koɗewa ba. Da hantsi motar Damagaram ta iso. Abdulmajid ya shigo cikin farar shadda da hula ƙube, da 'yar baƙar jaka a kafaɗa. Aka shimfiɗa tabarma a rumfar tsakar gida. Baba a kan buzunsa, Tata a jikin ginshiƙi, Inna daga gefe. Ni kuma ina bakin ƙofar ɗakinmu, rabin jikina a bayan labule.

Aka gaisa, aka tambayi hanya, aka tambayi damina. Ya sha fura. Baba ya ce, "To Malam, ga kayanka," ya tura masa ambulan.

Abdulmajid ya buɗe jakarsa ya ciro farar safar hannu ya sa. Inna ta kalle ni ta ƙunshe dariya. Ya buɗe ambulan ɗin. Ƙamshin turaren ya isa har inda nake.

Na ga hannunsa ya tsaya.

Ya zaro ɗaya, ya ɗaga ta sama wajen haske. Ya kwantar da ita a tafinsa ya kalle ta ta gefe. Ya shafa da ɗan yatsa, ya kaɗa ta kusa da kunnensa. Ya zaro ta biyu, ta uku. Haka ya bi su har ta goma sha biyu. Gumi ya tsattsafo masa a ƙasan hula. Ni kuwa ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Baba," ya ce a hankali, "an taɓa takardun nan."

Inna ta yi caraf. "Raliya ce ta gyara maka su, ɗana. Jiya wuni ta yi a kansu."

Abdulmajid ya runtse ido. Bai kalli inda nake ba.

"Inna, Allah ya saka da alheri. Sai dai masu sayen nan ba tsabta suke saye ba. Takardar suke so yadda ta fito daga banki, da kaurinta, da tudun tawadarta da ake ji a yatsa, da ƙarar da take yi. Ruwa ya kashe ƙarar, guga ta kwantar da tawadar, jabel ya cinye launin. Wanda ya san abin, da ya ɗaga zai gane."

"Yi min Hausa," Baba ya ce. "Nawa?"

"In na yi ƙoƙari, jika goma sha biyar kowace. Ko shi ma ban tabbata ba."

Baba ya yi wata 'yar dariya wadda na sani, irin wadda yake yi kafin ya tashi daga ciniki.

"Shekara talatin ina kasuwa, Malam. Na ga masu cewa raƙumi ya rame a hanya. Na ga masu cewa saniya tana ɗingishi bayan an sallama. Amma yau na fara ganin wanda ya ce wanka ya rage wa kaya daraja. Da dattinsu jika ɗari, da tsabtarsu sha biyar? Tsohuwar nan ka raina, ko ni?"

"Wallahi Baba ba haka ba ne. Zan iya kiran mai sayen a Yamai yanzu, ka ji daga bakinsa."

"Abokin cin mushenka? Bar shi." Baba ya gyara zama. "Tambaya ɗaya zan yi maka. In har gaskiya ne wanki yana ɓata su, kai da ka san haka, ka gaya wa wani a gidan nan kada a taɓa?"

Wayarsa tana nan a kan tabarma kusa da gwiwarsa. Danna biyu kawai zai yi kowa ya ji muryarsa. Na ga idonsa ya sauka a kanta, ya ɗauke. Sannan a karon farko ya ɗago ya dubi labulen.

Ni yake jira.

Baba ya bi idonsa. "Raliya. Fito nan."

Na fito. Na durƙusa a bakin tabarma.

"Ya gaya miki kada ki wanke?"

Ku da kuke karantawa a kwance a ɗakunanku, na san kuna cewa ai sai ki faɗi gaskiya. Ni ma haka nake cewa in ina karanta labarin wasu. Amma a wannan daƙiƙar abin da na gani shi ne idon Tata mai yana, da aikin da za a yi mata, da ajiyar shekara hamsin da na narkar a robar wanki bayan an ce min kada in yi. Na ga Inna da ta hura min gawayi, wadda take zaune a gidan nan a kan haƙuri. Na ga Baba yana faɗa a gaban baƙo cewa karatuna bai amfana min komai ba. Tsoro ya kama ni, tsoro tsagwaronsa.

"A'a, Baba," na ce. "Bai gaya min ba."

Ban ɗago ba, amma na ji numfashin da Abdulmajid ya sauke.

"Ka ji," Baba ya ce.

"Na ji, Baba." Muryarsa ba ta canza ba, kuma wannan ya fi yi min ciwo. "Laifina ne. Ya kamata in yi bayani yadda za a gane, ban yi ba. Ku yafe ni."

Ya mayar da takardun cikin ambulan ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye a gaban Tata da hannu biyu. Ya cire safar ya ninke. Ya ce wa Tata Allah ya ba da lafiya, ya yi wa Inna godiyar abincin da bai ci ba. Baba bai miƙa masa hannu ba.

"Ka san sharaɗinmu," kawai ya ce.

"Na sani."

Ya wuce ta gabana. Gefen shaddarsa har ya taɓa gyalena. Bai dube ni ba.

Na shige ɗaki na kwanta rub da ciki da kayan jikina. Ina jin Baba a waje yana cewa Allah ne ya tona asirin yaron tun kafin a ɗaura, gobe a kasuwa zai gaya wa mutanen Falanko da Belbeji su yi hankali da mai farar safa. Inna tana cewa ikon Allah, yaro kamar na kirki. Shinkafar tana nan a tukunya babu wanda ya buɗe. Na duba waya: yana kan layi. Na rubuta "Ka yi haƙuri", na share. Na rubuta "Tsoro na ji", na share. Me zan ce wa mutumin da aka kira ɓarawo a gabana na sa hannu?

Abin da ya tashe ni maganar kasuwar nan ce. Sana'arsa gaba ɗaya a kan yarda take. Tsofaffi suna buɗe masa ajiyarsu ne don sun ji an ce mutumin kirki ne. In Baba ya buɗe baki gobe a tsakiyar dillalai, daga nan har Agadas babu wanda zai sake nuna masa ko dala. Ya rasa ni, ya rasa sunansa, duk don in tsira daga faɗan yini ɗaya.

Da aka yi sallar la'asar na wanke fuskata, na ɗaura ɗankwali, na ɗauki waya. Baba yana zaure shi kaɗai yana jan carbi, butar shayi a kan gawayi. Na durƙusa daga nesa.

"Baba, ina da magana."

"In ta yaron nan ce, na rufe."

"Ƙarya na yi ɗazu." Ban jira amsarsa ba, na ci gaba. "Ya gaya min. Jiya da safe ya turo saƙo ya ce kada a wanke, kada a sa guga. Na ji da kunnena sau uku. Na ɗauka kara ce irin ta baƙi. Ni na ɓata kuɗin Tata, ba shi ba."

Carbin ya tsaya. Baba ya daɗe yana kallona.

"Saƙon yana nan?"

"Yana nan, Baba. Da muryarsa."

"Kunna in ji."

Na matsa kusa. Na buɗe hirarmu, na ja sama zuwa safiyar Juma'a. Ga gaisuwar da na yi masa. Ga amsar da na ba shi, 'yar fuskar nan mai murmushi. A tsakaninsu, inda muryarsa take, babu komai sai wani ɗan layi mai launin toka: an share wannan saƙon.

Na ja sama, na ja ƙasa. Na fita na sake shiga. Sai a lokacin na lura da sabon saƙo a can ƙasa, wanda ya shigo ina wanke fuska: "Na cire shi daga wajena da wajenki, kada wani ya duba wayarki ya gani. Ki kula da Tata."

Baba ba ya karanta boko. Ya karɓi wayar, ya kara a kunne, ya jira. Ya sauke ya dubi gilashin, ya dube ni.

"Ina muryar?"

"Ya share, Baba. Don ya rufa min asiri ya share. Ga shi nan ya rubuta, bari in karanta maka..."

"Ki karanta min abin da ba zan iya gani ba." Ya ajiye wayar a kan buzu, a gefensa, ba a gefena ba. Babu faɗa a muryarsa, kuma da ya yi faɗan da ya fi min sauƙi. "Da hantsi kin ce bai faɗa ba. Da la'asar kin ce ya faɗa. Ɗaya daga ciki ƙarya ce, Raliya, kuma a gidan nan ban taɓa jin kin yi ƙarya ba sai da yaron nan ya shigo rayuwarki. Ki gaya min, da wanne bakin zan yarda?"

Na sunkuyar da kai.

Ya ɗauki wayata ya zura a aljihun rigarsa, ya ce in tafi in zuba wa Tata abinci.